Kundin aikin koyar da awo da hanyar binciken kimiyya ga 'yan ajin SS1

Litinin, 15 ga Satumba 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin kafa ƙaramin wurin gwaje-gwaje na darasin kemistiri yake tafiya a makarantarmu da ke bayan garin Zariya. Manhajar SS1 tana farawa da gabatarwa kan ilimin sinadarai, da hanyar binciken kimiyya, da kuma awo, amma abin da aka saba yi shi ne malami ya jera matakan a allo, wato lura da hasashe da gwaji da yanke hukunci, yara su kwafe su haddace, zango ya ƙare ba tare da ko ɗayansu ya taɓa riƙe ma'aunin zafi a hannunsa ba. Illar hakan tana fitowa fili ne a SS3, lokacin da yaro zai tsaya gaban kayan jarrabawar aiki ta WAEC ko NECO, ya rasa inda zai sa idonsa a jikin kwalbar awo, daga ƙarshe ya rubuta adadin da yake jin shi malami ke so.

Abin da nake nema a wannan zango ƙanƙani ne, kuma shi ne tushen sauran: yaro ya rubuta abin da ya gani, ya san iyakar ƙarfin abin da ya yi awon da shi, sannan ya iya faɗin dalilinsa na yarda da adadin ko na shakkarsa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta amince da naira 60,000 don wannan aiki, shugaban makaranta kuma ya ba ni wani ɗan ɗaki da ake ajiye karyayyun kujeru a ciki, mai taga ɗaya da ƙofa mai kwaɗo.

Asabar, 20 ga Satumba

Na je Kaduna sayayya. Ƙaramin sikeli na aljihu irin na masu sayar da zinariya, mai ɗaukar giram 200 yana nuna har 0.01, naira 9,000. Sikelin kicin mai ɗaukar kilo 5, naira 8,500. Ma'aunin zafi mai jan ruwa guda biyu, naira 5,000. Silindar awo ta roba mai mililita 100 guda huɗu, naira 8,000, da ta gilashi guda ɗaya, naira 4,500. Sirinji mai mililita 10 guda goma, naira 2,000. Kuɗin mota zuwa da dawowa naira 6,000. Jimilla naira 43,000, saura 17,000.

Talata, 23 ga Satumba

Darasin farko na aiki. Ban fara da mita ko kilogiram ba, na fara da abin da kowane yaro ya sani daga gida. Na kawo gero a kwarya da gwangwanin madara guda ɗaya, na raba ajin rukuni takwas, kowane rukuni ya auno "gwangwani ɗaya" ya zuba a leda, muka ɗora a sikeli. Mafi ƙaranci ya ba da giram 124, mafi yawa ya kai 158, alhali gwangwanin ɗaya ne, geron ma ɗaya ne. Wasu sun shafe bakinsa da yatsa, wasu sun yi masa tozo, wani kuma ya girgiza shi sai da geron ya zauna kafin ya ƙara. Wata ɗaliba da mahaifiyarta ke sayar da hatsi a gida ta ce: "Malam, ai shi ya sa mai saye yake tsayawa a kan mai awo, don kowa da irin hannunsa." Wannan magana ita na rubuta a allo a matsayin lura ta farko ta ajin.

Daga nan ne bayanin ma'aunai na duniya ya zo da sauƙi. Na faɗa musu cewa a shekarar 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniyar mita a birnin Faris, kuma a 1960 aka tsayar da tsarin da ake kira SI, wanda a yau yake da ma'aunai bakwai na tushe: mita don tsawo, kilogiram don nauyi, sakan don lokaci, kelbin don zafi, mol don yawan sinadari, ampiya don ƙarfin lantarki, da kandela don haske. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne labarin kilogiram, cewa tun daga 1889 wani ɗan curin ƙarfe na filatinam da iridiyam da ke kulle a kusa da Faris shi ne kilogiram ɗin duniya baki ɗaya, har zuwa ranar 20 ga Mayu 2019 da aka daina dogara da shi, aka ɗaure ma'aunin da wani adadi na halitta da ba ya canzawa, wanda ake danganta shi da masanin nan Bajamushe Max Planck. Na kuma ba su misalin kumbon da hukumar NASA ta Amurka ta rasa a duniyar Mars a 1999, domin wani sashe na masu aikin ya yi lissafi da ma'aunin fam, wani sashen kuma ya ɗauka da ma'aunin SI aka yi. Daga yau na kafa doka a ajin cewa duk adadin da aka rubuta babu sunan ma'auninsa a gefe, ba zan duba shi ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

An yi aikin karanta silinda kawai. A ajiye ta a kan tebur mai daidaito, a sunkuya ido ya yi daidai da saman ruwan, a karanta daga ƙasan lanƙwasar da ruwa ke yi a jikin bango. Yawancinsu ɗaga silindar suke yi sama su kalla, sai an yi ta maimaitawa.

Talata, 30 ga Satumba

Matsala ta farko mai girma ta fito yau, kuma daga kayan aikin ne. Na so in nuna musu cewa mililita 100 na ruwa nauyinsa ya kusa giram 100, ko kuma a taƙaice wajen 99.6 a irin zafin ɗakinmu na digiri 28, tun da ruwa yana ɗan buɗewa idan ya yi ɗumi. Kowane rukuni ya cika silinda zuwa layin 100, ya juye a kofin roba da aka riga aka share nauyinsa a sikeli. Silindar gilashi ta ba da 99.4, biyu daga cikin na roba suka ba da 99.1 da 99.8, waɗanda duk abin karɓa ne idan aka yi la'akari da ɗigon da ke maƙalewa a bango. Sauran biyun kuwa sai suka tsaya a 95.9 da 96.1. Aka sake, aka canza hannu, aka shanya su aka sake, adadin bai motsa daga wajen 96 ba.

Tambayar da ta taso nan take ita ce wa ke da laifi, silinda ko sikeli, domin babu hujjar da za a ce sikelin naira 9,000 ya fi silindar naira 2,000 gaskiya don kawai yana nuna lambobi masu haske. Gaskiya ne cewa silinda uku sun yi daidai da sikelin, wanda hakan ke ƙarfafa zaton cewa biyun nan ne suka kauce, amma hukuncin bai cika ba sai an gwada sikelin da wani abu da aka san nauyinsa daga waje. Na tsayar da aikin, na yi waya da wani da zai zo daga Kaduna ya taho mini da dutsen gwajin sikeli mai giram 100. Kuɗinsa naira 4,000, batiran ajiya kuma naira 1,000. Saura 12,000.

Laraba, 8 ga Oktoba

Dutsen gwaji ya iso, sikelin aljihu ya nuna 100.02, saboda haka sikelin ya fita, laifin na silindun nan biyu ne: layukan da aka buga a jikinsu sun gaza da kusan kashi 4 cikin ɗari. Ba zan jefar da su ba. Na ɗaura musu jan zare a wuya, domin da wuya in sami abin da zai fi su bayyana bambanci tsakanin sakamakon da ke maimaita kansa da sakamakon da ya dace da gaskiya. Silinda mai jan zare kullum 96 take bayarwa, ba ta saɓa wa kanta, amma kullum a kan kuskure take, kuma ko sau ɗari aka auna aka ɗauki matsakaici, kuskuren yana nan yadda yake. Ɗaukar matsakaici yana rage kuskuren hannu da na ido ne kawai, irin wanda yau ya haura gobe ya gaza. Kuskuren da ke jikin abin awo kuwa sai an gwada shi da wani ma'auni da ya fi shi inganci.

Mun kuma gano cewa iskar da ke shigowa ta taga tana kaɗa lambar ƙarshe ta sikelin aljihu, don haka muka yanke kwali muka yi masa shinge ta gefe uku. Sikelin kicin ya nuna 101 a kan dutsen, wanda bai wuce iyakar abin da ake tsammani daga gare shi ba.

A yammacin yau na fara gwajin da zai ɗauki makonni, a kan tambayar da wani ɗalibi ya yi tun makon farko: me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Hasashe biyu suka fito daga ajin. Wasu sun ce ita ƙasa asalinta mai sanyi ce, wasu kuma suka ce zufar da randa ke yi a jikinta ce ke tafiya da zafin. Na sayi ƙananan tuluna uku a wajen mai tukwane, naira 3,600, aka jiƙa su don su sha ruwa su ƙoshi kafin a fara, tun da sabon tulu shan ruwa yake yi, kuma hakan zai ɓata awon nauyi.

Talata, 14 ga Oktoba

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci zuwa yanzu. Aikin shi ne auna zafin da ruwa ke tafasa. Na kunna risho a bakin ƙofa, aka ɗora ƙaramar tukunya, kowane rukuni ya zo ya riƙe ma'aunin a cikin ruwan da ke tafasa, ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba, ya koma ya rubuta abin da ya gani. Da na karɓi littattafai, rukuni shida cikin takwas sun rubuta digiri 100. Ni kuwa ina tsaye a wurin, na ga ma'auni ɗaya ya tsaya a 98, ɗayan a tsakanin 99 da 100. Rukuni biyu ne kaɗai suka rubuta 98, ɗaya daga cikinsu ma sun soke shi sun rubuta 100 a samansa.

Ban yi wa kowa faɗa ba, domin abin da suka yi shi aka koya musu tun daga firamare, wato amsa tana littafi, aikin ɗalibi ya kai gare ta ko ta wace hanya. Na kira rukunin da suka soke nasu, na tambayi shugabarsu dalili. Ta ce: "Malam, mun ga 98, amma mun ji tsoron a ce ba mu iya karantawa ba." Na sa ta sake rubuta 98 a allo da babban rubutu, na shaida wa ajin cewa wannan adadi shi ne abu mafi daraja da aka samu yau, domin daga gare shi ne za a yi tambaya, wanda ya rubuta 100 kuwa ya rufe ƙofar tambaya da hannunsa. A ganina duk bayanin hanyar kimiyya da ke cikin manhaja ba shi da amfani ga yaron da bai yarda idonsa yana da haƙƙin saɓa wa littafi ba.

Muka jera hasashe uku a allo. Na farko, ma'aunin ne ya lalace. Na biyu, ruwan rijiyar burtsatse ba shi da tsabta. Na uku, wanda ni na ƙara shi domin babu wanda ya kawo, shi ne cewa wurin da muke zaune yana da hannu a ciki. An shirya gwada su ɗaya bayan ɗaya, a canza abu ɗaya kawai a kowane karo.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Hasashe na farko. Na sayo ƙanƙara, aka farfasa ta ƙanana a kofi, aka zuba ɗan ruwa ana juyawa, domin ƙanƙarar da ke narkewa cikin ruwanta tana tsayawa a digiri 0. Ma'auni na ɗaya ya nuna 0 daidai, na biyu ya nuna 1.5. Ashe na biyun yana ƙara digiri ɗaya da rabi ne, kuma idan aka cire wannan daga 99.5 da ya bayar ranar Talata, sai ya dawo 98, ya haɗu da ɗan'uwansa. Mun manna masa takarda mai cewa a rage 1.5. Na ja hankalinsu cewa daidaito a 0 bai tabbatar da daidaito a can sama ba, amma ma'aunai biyu da suka haɗu a kan adadi ɗaya bayan gyara sun raunana hasashen lalacewa sosai. Ƙanƙara da kananzir naira 1,500.

Talata, 21 ga Oktoba

Hasashe na biyu. Aka tafasa ruwan burtsatse, da ruwan leda, da ruwan sama da wata ɗaliba ta tara a gida daga ruwan ƙarshen damina. Dukansu sun tafasa a wajen 98, babu bambancin da ma'auninmu zai iya gani. Daga nan aka zuba gishiri giram 58 a cikin lita ɗaya, zafin tafasar ya hau zuwa wajen 99. Wannan ya dace da abin da aka sani, cewa gishirin da ya narke a ruwa ɗaga zafin tafasa yake yi, ba saukar da shi ba, kuma wannan adadin na gishiri yana ƙara kusan digiri ɗaya. Saboda haka ko da ruwanmu yana da wani abu narkakke a cikinsa, ba shi ne zai sauko da adadin ƙasa da 100 ba. Hasashe na biyu ya faɗi, kuma yaran da suka kawo shi ne suka soke shi a allo da kansu.

Sai na yi bayanin na uku. Ruwa yana tafasa ne a lokacin da ƙarfin tururinsa ya kai ƙarfin iskar da ke danne samansa. Digiri 100 da ke littafi na wurin da iska ke danna da kilopaskal (ma'aunin matsin iska) 101.3 ne, wato daidai da bakin teku. Zariya kuwa tana sama da mita 600 daga teku, iskar da ke kanmu ta fi ta Legas sauƙi, kuma zafin tafasa yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowace mita 300 da aka hau. Lissafin ya ba da wajen 98. Amma bayanin da ya dace da abin da aka riga aka gani bai isa ba, sai ya iya faɗin abin da ba a gani ba tukuna. Na ce musu Jos tana wajen mita 1,200, su yi lissafi su rubuta adadin da suke tsammani kafin a tambaya. Suka rubuta 96, muka rufe takardar a ambulan.

Litinin, 27 ga Oktoba

Wani abokin karatuna da ke koyarwa a Jos ya yi mana gwajin, bayan ya fara gwada ma'auninsa da ƙanƙara kamar yadda na roƙe shi. Ya turo hoton ma'aunin ta WhatsApp, jan ruwan yana tsaye a kan 96. An buɗe ambulan a gaban aji, aka zagaya da wayar kowa ya gani da idonsa.

Gwajin tuluna kuwa ya sami cikas biyu a makon jiya. Tsarin shi ne tulu ɗaya a bar shi yadda yake, na biyu a naɗe shi da leda gaba ɗaya don a hana zufarsa bushewa, sai bokitin roba, kowanne da ruwa lita biyu, a rufe, a inuwa ɗaya, a auna zafi da nauyi safe da rana. Ranar Laraba aka tarar nauyin tulun farko ya faɗi da fiye da rabin kilo cikin dare, wanda ba zai yiwu a ce bushewa ce ba. Da aka bincika sai aka gano an sha ruwan ne, domin an bar ɗakin a buɗe bayan tashi, kuma duk wanda ya ga tulu a inuwa ya san na sha ne. Ranar Juma'a kuma tulu na biyu ya tsage a gindi, ruwa ya taru a cikin ledar. Na ukun da na ajiye don ko-ta-kwana ya shiga madadinsa, na sayi wani naira 1,200, aka rubuta gargaɗi a jikin kowanne, mabuɗin ɗakin kuma ya dawo aljihuna. Adadin ranakun nan biyu ba mu goge su ba, mun ja musu layi mun rubuta dalili a gefe.

A ranakun da komai ya tafi daidai, ruwan tulun da ba a naɗe ba ya fi na bokiti sanyi da wajen digiri 3 da rana, wanda aka naɗe da leda kuwa kusan ɗaya yake da bokiti.

Talata, 4 ga Nuwamba

An shiga densiti, wato nauyin abu idan aka raba shi da girman wurin da ya ci. Rukuni ɗaya ya auna ƙusoshi giram 50.04, ya jefa su a silinda, ruwa ya hau da mililita 6.4, kalkuleta ta ba da giram 7.81875 a kowace mililita, suka kwafe lambobin duka shida suna murna. Na tambaye su yaya suka tabbatar da 6.4, alhali layukan silindar mililita ɗai-ɗai ne, kuma sau biyu aka karanta ta, kafin jefawa da bayan jefawa. Muka gwada lissafin da 5.9 ya ba da wajen 8.5, da 6.9 ya ba da wajen 7.3. Nan suka ga cewa ko lamba ta biyu ma ba ta zauna da gindinta ba, balle ta shida, kuma abin da ya halatta a rubuta shi ne 7.8 kawai. Ƙa'idar lambobi masu ma'ana da ke ba su wahala a allo ta shiga cikin minti kaɗan, domin sun ga inda take fitowa: sakamako ba ya fin mafi raunin awon da aka gina shi a kai inganci.

Don a kyautata awon, muka koma ga dabarar da malamin nan Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya yi amfani da ita wajen auna ƙarafa da duwatsu masu daraja: ya yi wani mazubi mai bututu a wuya, ya cika shi da ruwa, ya jefa abin a ciki, sannan ya auna nauyin ruwan da ya zubo, kuma adadin da ya samu na zinariya yana kusa ƙwarai da 19.3 da aka sani a yau. Mun huda gwangwanin tumatir babba a kusa da baki, muka soka bututun biro, muka liƙe da kyandir. Da wannan, ƙusoshi giram 150 suka ba da 7.83, baƙin ƙarfe kuwa a littafi 7.87 ne. Wayar jan ƙarfe ta ba da 8.9, littafi yana cewa 8.96. Wani ɗalibi ya kawo karyayyen hannun tukunyar ƙirar gida yana cewa darma ce, awo ya ba da 2.7, wanda shi ne na alminiyam, darma kuwa 11.3 take. Na gargaɗe su cewa wannan awon ya nuna ƙarfen da ya fi yawa ne kawai, ba zai iya gano ɗan gaurayen wani ƙarfe ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Man gyaɗa ya ba da 0.91, kananzir 0.80, da sirinji da sikelin aljihu. Babu matsala.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Gwajin dokar da aka fi danganta ta da Lavoisier, masanin Faransa na ƙarshen ƙarni na 18, cewa nauyi ba ya ƙaruwa ko raguwa idan sinadarai suka haɗu. Aka daka kanwa giram 2, aka zuba ta cikin ruwan lemun tsami mililita 50 a robar lemo. A buɗe, bayan kumfa ta lafa, nauyin ya ragu da giram 0.52, kuma kowa ya yarda iskar kabon dayoksaid ce ta fita. Sai aka sake da balan-balan a bakin robar don ya tare iskar, ajin duka suna jiran su ga nauyin bai motsa ba. Balan-balan ya kumbura, sikeli kuwa ya nuna ragin giram 0.31.

Wannan karon babu wanda ya rubuta sifiri. Rukuni takwas duka sun rubuta abin da suka gani, wasu kuma suka fara kawo hasashe tun kafin in tambaya: ko balan-balan na yoyo, ko bakin bai kamu ba. Aka ɗaure bakin da roba aka shafa ruwan sabulu, babu kumfar yoyo, ragin kuma ya sake fitowa. Dalilin shi ne iska ma tana ɗaga abin da ke cikinta kamar yadda ruwa ke yi, kuma balan-balan da ya kumbura ya ture iskar ɗaki wajen sulusin lita, lita ɗaya ta iska kuwa nauyinta ya ɗan haura giram ɗaya. Idan wannan bayani gaskiya ne, to mazubin da ba ya kumbura ba zai nuna ragi ba. Muka ƙulle kanwar a 'yar takarda, muka rataye ta a ƙarƙashin murfi, aka ɗaure murfin tam, aka auna, aka kife robar suka haɗu, aka sake aunawa. Bambancin giram 0.02 ne, wanda bai wuce rawar sikelin ba. Da aka kwance murfin iska ta fita da ƙara, nauyin ya sauka. Ban yarda a wuce giram 2 na kanwa a rufaffiyar roba ba, kuma robar lemo mai gas kaɗai aka yi amfani da ita domin ita aka yi don jure matsi. Kanwa, lemo da balan-balan naira 1,200. Kuɗin da ya rage naira 4,500.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo, iska ta bushe, leɓɓa sun fara tsagewa, saboda haka muka maimaita gwajin tuluna a wannan mako da tsari iri ɗaya. Tulun da ba a naɗe ba ya fi bokiti sanyi da wajen digiri 7 da rana, ya kuma rasa ruwa fiye da ninki biyu na abin da yake rasawa a Oktoba, wanda aka naɗe da leda kuwa yana nan kusa da bokiti. Da a ce sanyin daga ƙasar yake, da leda ba ta hana shi ba, kuma da bai canza da canjin yanayi ba. Muka yi lissafin: kowane giram na ruwa da ya bushe yana tafiya da zafi wajen jul (ma'aunin makamashi) 2,400, giram ɗaya na ruwa kuma yana buƙatar jul 4.18 don ya canza da digiri ɗaya, don haka bushewar giram 10 kacal ta isa ta sauko da lita biyu da kusan digiri 3, in ba don zafin da ke shigowa daga waje ba. Na faɗa musu cewa a kan wannan ƙa'ida ce malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa da babu lantarki.

Mako mai zuwa kowane rukuni zai miƙa rahoton gwaji ɗaya da ya zaɓa, da jadawalin adadinsa na asali har da waɗanda aka ja wa layi, da bayanin abin awon da aka yi amfani da shi da iyakarsa. Maki zai fi yawa a kan wannan sashe fiye da kusancin amsa da littafi. A zango na biyu ina so a shiga hanyoyin raba gauraye, a fara da tace kanwa daga yashinta da fitar da gishiri daga ruwa, sannan a gwada ruwan zoɓo a matsayin mai nuna tsami da kishiyarsa. Wannan zai buƙaci takardar tacewa, mazurari, kofunan gilashi masu jure wuta aƙalla shida, da gilashin kare ido, wanda shi zan sa a farkon jerin. Na ƙiyasta naira 45,000, kuma zan kai takardar buƙata ga shugaban makaranta ranar Litinin tare da rasitan wannan zango da naira 4,500 da suka rage.